Bikin Kanibal da Neman Takwaransa a Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

A zamanin nan an shiga ɗabi'ar kiran kowane taron shagali da sunan kanibal. Kafin wannan suna ya mamaye bukukuwanmu na bakin Kwara, ya kamata mu san mafarinsa, mu kuma auna wanne ne daga cikin al'adunmu ya yi kama da shi.

Asalin Bikin

Kiristoci, musamman mabiya ɗarikar Katolika, suna azumin kwana 40 kafin Ista, wanda ke farawa ranar Larabar Toka. A da, an hana su cin nama a wannan lokaci, a wurare da dama har da ƙwai da man shanu. Saboda haka sai a cinye abin da ke gida kafin azumi ya kama. Sunan kansa daga Latin ya fito, ma'anarsa kawar da nama, Faransawa kuwa suna kiran ranar ƙarshe Talata mai kitse.

Daga ciye-ciye aka kai ga ɓad-da-kama. A birnin Benis na Italiya, talaka kan rufe fuska ya yi wa basarake ba'a. Bikin ya dushe bayan faɗuwar jamhuriyar birnin a 1797, sai a 1979 aka farfaɗo da shi. Turawan Fotugal suka kai shi Barazil, inda kiɗan jikokin bayin Afirka ya rinjaye shi. A Tirinidad kuwa, 'yantattun bayi sun mai da shi nasu, har suka yi arangama da 'yan sanda a kansa a 1881.

Rigata ko Tashe?

Rigata ta Yawuri tseren jirage ce da nuna gwanintar ruwa, gadon Gungawa mazauna tsibirai. Ba ta da dangantaka da azumi. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta shanye tsibirai da yawa, aka tashi mutanensu zuwa tudu.

A ganinmu, tashe shi ne takwaran kanibal. Idan azumin Ramalan ya kwana 10, yara kan yi gemun auduga, su kwaikwayi tsoho da malami, a zolayi gwauro, a faɗi abin da ba ya faɗuwa ran sauran kwanaki. Bambancin shi ne, Kirista na wasansa kafin azumi, Bahaushe kuwa a cikinsa, da dare bayan buɗe-baki.

Kammalawa

Duka biyun sun nuna cewa al'umma kan keɓe wa kanta lokacin da ƙarami zai yi wa babba gyara cikin raha. Muna roƙon manazarta su riƙa kiran kowane biki da sunansa, domin idan Rigata ta zama kanibal, jikokin Gungawa za su gaji tseren, amma su rasa dalilinsa.