Markdown, Org, Wiki: Me Sunayen Ke Faɗa wa Mai Sauya Tsarin Rubutu?

Duk mai tara bayanai a kwamfuta, wata rana sai ya ji tsarin da yake rubutu da shi ya yi masa kaɗan. Wani ya daɗe da Vimwiki, ƙarin da ake ɗora wa manhajar rubutu ta Vim, yanzu yana hangen Markdown. Wani kuma an ba shi labarin Org, har ya fara shirin kwashe darussansa zuwa can. Shawarata ita ce a fara tsayawa a kan sunayen, domin kowane suna yana faɗin abin da zai bi mutum idan ya sauya, da abin da zai bari a baya.

A fara da Markdown. Sunan martani ne ga wata tsohuwar kalma ta maɗaba'a, markup. A da, edita kan bi rubutu da alƙalami yana sa wa mai jera baƙaƙe alamu: nan kanun magana ne, nan a kaurara, nan a karkata. Wannan aiki shi ne markup, kuma shi ne harafin M da ke cikin HTML, harshen shafukan intanet.

A 2004 John Gruber, da taimakon Aaron Swartz, ya juya kalmar: inda take cewa up, wato "sama", ya sa down, wato "ƙasa". A bakin 'yan kasuwar Turawa kuwa, markup ƙarin riba ne a kan farashi, markdown kuma ragi. Ragin ya dace da manufar, wato a rage alamu har mutum ya iya karanta fayil ɗin yadda yake, ko babu manhajar da za ta ƙawata shi.

A lura da abin da sunan bai ambata ba: babu sunan wata manhaja a cikinsa. Hanyar sa alama ce kurum. Shi ya sa manhajoji irin su Vim da Emacs da Obsidian duk suke karanta shi.

Amma bayanin da Gruber ya rubuta ya bar giɓi, kowa ya cike yadda ya ga dama, har Markdown ya yi karin harshe iri-iri. Jadawali, misali, ba ya cikin na asali. A 2014 wasu, cikinsu har da John MacFarlane da Jeff Atwood, suka fito da tsayayyun dokoki suka raɗa musu Standard Markdown. Gruber bai yarda ba, daga ƙarshe sunan ya koma CommonMark. Standard tana cewa "wannan ce ƙa'ida", Common tana cewa "wannan muka haɗu a kai". Tsakanin hukunci da yarjejeniya akwai tazara, kuma a kanta aka yi jayayyar.

Org kuwa cikakken sunansa Org-mode. Carsten Dominik, masanin taurari a Jami'ar Amsterdam, ya fara shi a 2003. Rabin farko gutsuren kalmar Turanci mai nufin "tsarawa" ne. Rabi na biyu shi ne abin lura: mode yanayi ne da Emacs ke shiga gwargwadon irin fayil ɗin da aka buɗe. Ke nan sunan da kansa ya ce Org hali ne daga halayen Emacs.

Ga amfanin sanin haka. Fayil ɗin Org rubutu ne zalla, ko'ina za a iya buɗe shi. Amma tattaro ayyukan mako daga fayiloli da yawa, da lissafin da jadawali ke yi da kansa, da lissafa lokacin da aiki ya ci, duk aikin Emacs ne. Mai barin Emacs zai tafi da kalmominsa, waɗannan hidimomin kuma sai ya nemo mai yi masa su.

Shi ma Emacs sunansa yana tona asalinsa. Taƙaitawa ce ta Editor Macros: a 1976, a MIT, tarin gajerun umarni ne da aka ɗora a kan wata manhajar rubutu mai suna TECO. Abin da yau ake ɗora wa dubban ƙari, shi kansa a matsayin ƙari ya fara.

Sai tauraro, wato alamar *. Sunansa na Turanci, asterisk, daga Girkanci yake, ma'anarsa "ɗan ƙaramin tauraro". A Org, tauraro a farkon layi kanun magana ne. Biyu ƙaramin kanu. Uku wanda ke ƙasa da shi. Abin sha'awa ne a ce masanin taurari ya cika fayilolinsa da taurari, ko da yake gadonsu ya yi daga tsohon tsarin jera kanu na Emacs.

A Markdown, tauraron nan a farkon layi jeri yake buɗewa, kanu kuma da alamar # ake yin sa. Vimwiki, a tsarinsa na asali, yana kewaye kanu da alamar = dama da hagu. Don haka wanda ya sauya wutsiyar fayil daga .org zuwa .md yana zaton ya gama, zai tarar manyan kanunsa sun koma jeri. Ana buƙatar tafinta, kuma sananne a nan shi ne Pandoc, wanda MacFarlane, malamin falsafa a Berkeley, ya fitar a 2006. Pan a Girkanci "duka" ne: mai jin harshen duk takardu.

Dangin Vim salsala ce a fili. Bill Joy ya rubuta vi a 1976, daga kalmar da ke nufin "na gani da ido", domin kafin nan galibi layi-layi ake gyara rubutu, ba a ganin shafi gaba ɗaya. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holand, ya fitar da Vim a 1991. Da farko sunan yana nufin "kwaikwayon vi", daga baya ya koma "vi da aka inganta". Haruffa uku ba su motsa ba, matsayi ne ya sauya. A 2014 Neovim ya tsiro, da neo na Girkanci, "sabo".

A nan suna na iya ruɗarwa. Neorg, wanda ake ɗorawa a kan Neovim, ya ɗauki sunan Org da burinsa, amma fayilolinsa .norg ne, da dokokinsu dabam. Takwara ne, ba magaji ba.

Wiki ta fi kowa doguwar tafiya. A harshen mutanen Hawai, wikiwiki na nufin "da sauri". Ward Cunningham ya ji kalmar a filin jirgin saman Honolulu, inda take sunan motar jigilar fasinja, ya sa wa shafinsa a 1995. Saurin yana cikin mahaɗi ne: a Vimwiki ka ɗora kan kalma ka danna, ta zama ƙofar wani shafi. Mahaɗan nan kuwa su ne suka fi saurin karyewa wajen sauyi, domin kowane tsari da yadda yake rubuta su.

To, shi abin da ake ɗorawar fa, plugin? Turanci ya aro hoton daga lantarki, ɗan'uwan fulogi ne: a soka, a zare. Larabci kan ce idafa, kuma wanda ya yi nahawu ya san mudaf da mudaf ilaihi, inda na farko ke samun bayaninsa daga na biyu. Faransanci yana da greffon, reshen da ake ɗaurawa a jikin wata bishiya, irin abin da muke yi wa mangwaro mai aure.

A ganina na Faransanci ya fi faɗin gaskiya. Fulogi yana shiga kowace soket da ta dace da shi, amma ƙarin da aka rubuta da harshen Emacs Lisp ba ya aiki a Neovim, wanda aka rubuta da harshen Lua domin Neovim ba ya aiki a Emacs. Daga jikin uwarsa yake sha. Idan mai kula da shi ya daina, ko aka bar manhajar, amfaninsa ya ƙare.

Abin da ya rage a hannu shi ne wanda Turanci ke kira plain text, Faransanci kuma texte brut, "ɗanyen rubutu". Ni "rubutu zalla" ya fi kwanta mini. Sai dai zallar ma tana da sharaɗi ga mai rubuta Hausa: tsohon tsarin ASCII gurabe 128 gare shi, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ke ɗauke da su, har da haruffan ajami.

Saboda haka kafin sauyi, a yi wa kowane suna tambaya ɗaya: sunan hanyar rubutu ne, ko sunan manhaja? Abin da ke rubuce cikin fayil, da UTF-8 da alamu kaɗan, zai karantu a duk inda aka kai shi. Abin da ƙari ke yi wa mutum kuwa aro ne, sai a yi amfani da shi da sanin haka, kada a gina dukan tsarin bayanai a kansa.