Daga Wutar Ciyawa Zuwa Furen Gilashi: Yadda Tangaran Ya Kafu a Ƙasar Abuja

Idan aka ambaci Apo a yau, abin da ke faɗowa mutum a rai shi ne kasuwar kanikawa da kayan gyaran mota, da rukunin gidajen 'yan majalisa, da unguwar da aka gina don tsugunar da mutanen ƙauyukan da birni ya haɗiye. Amma kafin dokar 1976 da ta kafa babban birnin tarayya, wannan shiyya ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma daga Kwali har Ushafa an san matansu da ginin tukwane. A wannan yanki ne sana'ar tangaran, wato tukunyar da ake gasawa da wuta mai tsanani a lulluɓe ta da fatar gilashi, ta kafu a Arewa. Masu sha'awar gini a yau suna ganin hotunan wasu tuluna masu furanni shuɗɗa da suka tsiro a cikin gilashin jikinsu, suna sha'awar su gwada. Hanyar da ta kai ga waɗannan furanni doguwa ce, kuma wani dogon zango nata a nan ƙasar aka yi shi.

Maginiyar Gbagyi ba ta da keken gini. Takan haƙo yumɓu, ta jiƙa, ta cuɗa shi sosai, sannan ta ɗora curi guda a ƙasa ta huda tsakiyarsa. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, ita ce ke zagaya ta tana jan bango sama da yatsu, tana ƙara mulmulallen yumɓu har ciki ya buɗe, wuya ya tsuke. Idan ta ɗan sha iska sai a yi mata zane da tsinke ko wuƙa, a mirgina tufkakkiyar igiya a kafaɗarta. Gashi kuwa a fili ake yinsa da rani: a jera tukwane, a rufe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Ba ta daɗewa take cinyewa, kuma zafinta bai kai na narkar da dutse ba. A wurare da yawa, tun tukunya tana da zafi ake yayyafa mata makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ta yi duhu ta ɗauki sheƙi.

Abin da ke fitowa daga wannan wuta jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwan randa ke tsattsafowa waje, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Saboda su ne kuma tukunyar miya ke jure harshen wuta a kan murhu ba ta tsage ba. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin koma-baya bai fahimci aikin ba. Matan sun san abin da suke nema, kuma sun same shi.

Baturen da ya zo da ɗaya hanyar shi ma haka ya gani. Michael Cardew, haifaffen 1901, ya koyi gini a hannun Bernard Leach a garin St Ives na Ingila, ya kuma yi shekaru a Gana tun daga 1942, da farko a ƙarƙashin kwalejin Achimota, daga baya a Vume a bakin kogin Volta. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane a sashen ciniki da masana'antu. Ya zagaya ƙasa yana duba yumɓu da magina, ya kuma yanke cewa ginin matan ƙauye ba ya bukatar gyaran kowa. Abin da ya ba da shawara shi ne a kafa wata sana'a dabam a gefe, ta kofuna da farantai da butocin shayi masu fatar gilashi, don ma'aikata da 'yan boko da ake sa ran za su yawaita.

Ya zaɓi garin Abuja na wancan lokaci, wanda a yau ake kira Suleja. Garin Hausawan Zazzau ne da Abu Ja ya kafa a 1828, bayan yayansa Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi. Akwai yumɓu mai kyau, akwai itace, akwai ruwan kogin Iku, ma'adinan tsaunukan Jos ba su yi nisa ba. Sama da duka akwai Sarki Sulaimanu Barau, mutum mai ilimi da son aikin hannu, wanda ya tara tukwanen ƙasarsa a gidansa. A nan Cardew ya fara ganin randunan wata mata daga Kwali mai suna Ladi. Cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta fara aiki a farkon shekarun 1950, kuma ɗalibanta na farko duka maza ne.

Fatar tangaran ba fenti ba ce, gilashi ne na gaske da ake narkar da shi a jikin tukunya. Abu uku ke haɗa shi: garin farin dutse ko yashi wanda shi ne gilashin, abin da zai taimaka masa ya narke kamar toka ko farar ƙasa, da ɗan yumɓu da zai riƙe shi kada ya zube. Ana dama su da ruwa a tsoma tukunya a ciki, a sa ta a tanderu na bulo, a yi ta ciyar da wuta itace har zafi ya haura digiri 1,200. A wannan zafi yumɓun kansa yana curewa ya zama kamar dutse, ƙofofin nan su toshe. Cardew ya ƙi dogara da kayan da za a yo oda daga Ingila. Ya bi duwatsu da ramukan kuza yana ɗibar samfuri, yana niƙa, yana gwadawa, kuma abin da ya koya a wannan fama shi ya zama littafinsa Pioneer Pottery na 1969, wanda magina a ƙasashe da yawa ke amfani da shi har yanzu.

Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko. An haife ta wajen 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a gidansu. A cibiyar ta koyi keke, ta yi kwanuka da kofuna kamar kowa, amma ba ta bar randa ba. Ta ci gaba da gina ta da hannu kamar yadda ta gada, da ƙadangaru da kunamu da kada da hawainiya da kifi a jere a jikinta. Sauyin da aka samu shi ne yumɓun ya zama na tangaran, zanen da ta karta ana cike shi da farar laka, sannan a rufe duka da gilashi mai duhu wanda ake hango zanen ta cikinsa.

A nan ne, a ganina, tarihin ya yi kwana. Randar da ta fito daga tanderun Cardew kyakkyawa ce ƙwarai, amma ta yi nauyin da ba mai ɗora ta a kafaɗa ya je rafi, kuma da yake ba ta tsattsafo, ba ta sanyaya ruwa. Siffarta ta randa ce, aikinta ya tashi daga hannu ya koma ido. Wannan ba laifi ba ne, kuma Ladi ba ta yi asara ba: an nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zagaya Ingila tana gini a gaban jama'a, ta je Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, gwamnati ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980, hotonta na bayan takardar naira ashirin. Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya cewa burin farko bai cika ba. Gidajen Najeriya ba su koma cin abinci a tangaran na Abuja ba, domin kwanukan samira da ake shigowa da su sun fi araha, ba sa fashewa, kuma su uwar amarya ke jerawa a ɗaki. Masu sayen kayan cibiyar galibi Turawa ne da manyan ma'aikata.

Bayan Ladi wasu matan sun shigo, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Cardew ya yi ritaya a 1965, Michael O'Brien ya karɓa. Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya da ta zama ɗaya daga cikin manyan maginan duniya, ta zo a 1974 ta koyi ginin hannu a wurin matan nan. Ladi ta rasu a Minna a watan Agusta na 1984, cibiyar da ke ɗauke da sunanta ta yi sanyi a hankali, amma iri ya riga ya bazu: Maraba kusa da Kaduna, Minna, Bwari, da cibiyar mata ta Ushafa wadda Shugaba Bill Clinton ya ziyarta a watan Agusta na 2000.

Gilashi mai fure shi ne ƙarshen wannan hanya ta barin amfani a koma kallo, kuma asalinsa wani wuri ne dabam. Maginan ƙasar Sin a zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, sun yi kofunan shayi baƙaƙe masu ɗigon ƙarfe da ke walƙiya. Manyan furanni irin na yau kuwa masana sinadarai ne suka gano su a masana'antun Turai, a Sèvres ta Faransa a ƙarni na 19, sannan a Royal Copenhagen ta Danmak a shekarun 1880. A 1905 aka buga littafin Taxile Doat, magini daga Sèvres, da Ingilishi a Amurka, inda Adelaide Alsop Robineau ta ɗauki dabarar ta fito da ita daga masana'anta zuwa ɗakin magini ɗaya. Duk da haka dabarar ta zauna a hannun 'yan kaɗan, sai da aka samu tanderun lantarki mai kwamfuta da ke riƙe zafi daidai yadda aka umarce shi, sannan masu yin gini don sha'awa suka iya shiga.

Sirrin yana cikin tutiya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin garin tutiya ne, ana kuma rage yumɓun cikinsa ƙwarai don gilashin ya tsinke. A kai wuta kusan digiri 1,280 komai ya narke, sannan a sauko da ita da sauri zuwa wajen 1,100, a tsayar da ita nan sa'o'i uku ko huɗu ko fiye. A wannan tsayuwa tutiya da gilashi ke haɗuwa su fara tsiro daga ɗigo ɗaya, su yi ta faɗaɗa kamar yadda kainuwa ke bazuwa a kan tafki. Idan aka ɗaga zafin kaɗan aka sauke, furen yakan yi zobe a kan zobe. Kobal yana ba da shuɗi, tagulla tana ba da kore, nikel kuwa yakan fito da fure shuɗi a kan fage mai launin zuma. Magini yana iya tsara wutarsa, amma ba shi ke zaɓar inda fure zai fito ko yawansa ba.

Akwai wahala a ciki da hoto ba ya nunawa. Gilashin da ya tsinke haka gangarowa yake yi, don haka kowane tulu sai an ɗora shi a kan 'yar ƙafa ta yumɓu da faranti a ƙarƙashi don tare abin da ya zubo. Bayan an huce a raba su da zafin wuta ko ɗan bugu, a goge gindin da dutsen niƙa, kuma a nan ne da yawa ke fashewa. Ba a kuma so a ci abinci mai tsami a cikinsa, domin irin wannan gilashi ba shi da ƙarfin na kwanon yau da kullum.

Tanderun Abuja bai dace da wannan aiki ba ko da an so. Wutar itace mai hayaƙi tana ƙwace iskar da ke cikin garin tutiya, ya koma ƙarfe, shi kuwa ƙarfen tutiya yana tafasa a digiri 907 ya bi iska. Ga kuma wuyar riƙe wutar itace a ma'auni ɗaya na tsawon sa'o'i. Ban da wannan, makarantar da Cardew ya fito ta fi daraja tukunyar da za a yi aiki da ita, kuma launukan toka da ƙarfe masu natsuwa take so.

Mai son gwada furen gilashi a Apo a yau zai tarar da cewa yumɓu da gwanintar hannu ba su ne matsalarsa ba, suna nan kusa a Ushafa da Bwari da Kwali. Matsalarsa wuta ce. Gashi ɗaya yana cin yini guda, kuma ɗaukewar lantarki na ɗan lokaci a tsakiyar tsayuwar nan ya isa ya canza furen ko ya hana shi fitowa. Ke nan sai janareta mai ƙarfi, ko tanderun gas da mutum zai zauna a gabansa yana lura da ma'auni, yana tabbatar da iska na shiga sosai. Sannan ga garin tutiya da kobal da niƙaƙƙen gilashi na musamman, waɗanda galibi daga waje suke zuwa da kuɗin waje.

A nan ne nake ganin aikin Cardew da abokan aikinsa na Abuja ya fi amfani ga mai sha'awar yau, fiye da hotunan da yake gani a waya. Najeriya tana da farar lakar tangaran a Ƙanƙara ta jihar Katsina da kan tsaunukan Jos, tana da farin dutse a wurare da dama, tana da ma'adinin tutiya a Zurak ta jihar Filato da yankin Abakaliki. Sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana koyar da tangaran da gwajin kayan gida. Wanda zai fara da kyau sai ya yi ƙananan fale-falen gwaji kafin ya taɓa tulu, ya rubuta nauyin kowane gari da zafin kowace sa'a a littafi, ya canza abu ɗaya kawai a kowane gashi, ya kuma nemi maginiyar da za ta koya masa siffa mai santsi da faɗin kafaɗa, domin a kan irin wannan jiki ne furen ke samun wurin buɗewa.