Husufin Wata Da Tarihinsa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san daren da a kan ce rana ta kama wata. Mu ma da muna yara mun fita da gwangwani da tsohuwar tasa, muna kaɗawa muna zaga gari, wai don rana ta sake shi. Da ya washe sai mu komo gida da murna, muna tsammani aikinmu ne. To, jama'a, bari mu duba yadda 'yan Adam suka gane asalin wannan al'amari, da abin da ya sami waɗanda ba su gane ba.

Wata ba shi da hasken kansa, na rana ya ke aro. In duniya ta shiga tsakaninsu sosai, sai inuwarta ta faɗa masa. Shi ke nan husufi. Don haka ba ya aukuwa sai wata ya cika, watau daren sha huɗu ko sha biyar. Abin da ya hana shi aukuwa kowane wata kuwa, hanyar wata ta ɗan karkace, yawanci ya kan wuce ta sama ko ta ƙarƙashin inuwar.

Mutanen Babila, a ƙasar da a ke kira Iraƙi yanzu, su ne suka yi fice wajen lissafinsa tun kafin haihuwar Annabi Isa. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da suka gani a sama bisa allunan yumɓu, har suka lura husufi ya kan maimaita kansa bayan wata 223, watau shekara 18 da kwana 11. Sa'an nan Aristotal, malamin Yunanawa, ya lura inuwar da ke bisa wata kullum gefenta a zagaye ya ke, ya kafa hujja da wannan cewa duniya ƙwallo ce.

Duk da haka tsoro bai bar zukatan talakawa ba, suna ɗaukar husufi alamar mutuwar manya. A shekarar 632 rana ta yi kusufi a Madina ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu. Mutane suka ce saboda rasuwar ne. Manzon Allah ya gyara musu, ya nuna rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kisfewa don mutuwar kowa ko rayuwarsa, ya umurce su da salla.

Yanzu ga labarin da ya kamata mu riƙe. A shekarar 1503 jiragen Kolombus, Baturen nan da ya ƙetare teku zuwa Amurka, suka lalace a tsibirin Jamaika. Mutanen wurin suka yi ta ciyar da shi da jama'arsa, har suka gaji da halinsu suka daina. Kolombus kuwa yana da littafin lissafin taurari, ya duba ya ga za a yi husufi ran 29 ga Fabrairu, 1504. Sai ya tara shugabanninsu ya ce Ubangijinsa ya yi fushi da su, alama kuwa za su gani a jikin wata. Da magariba wata ya fito jajawur. Mutane suka firgita, suka sheƙo da abinci suna roƙo. Ya jira har inuwa ta kusa janyewa, sa'an nan ya ce an yafe musu. Ba sihiri gare shi ba, lissafi ne kurum. Da akwai mutum guda a cikinsu da ya san shi, da ba a ci su da wayo ba.

Daga baya lissafin ya ƙara kyau. A 1715 Edmond Halley na Ingila ya faɗi lokacin kusufin rana a London tun bai zo ba, kuskurensa bai wuce kamar minti 4 ba. A ƙasarmu ma, ran 29 ga Maris, 2006, gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina, alhali an riga an sanar da ranar da sa'ar tun da nisa.

Saboda haka, in wata ya sake kisfewa, mu yi salla kamar yadda aka umurce mu, sa'an nan mu ɗauki fitila da lemo mu nuna wa yaranmu yadda inuwa ke faɗawa. Gaskiyar mutanen da, rashin sani ya fi dare duhu.