Ina takardun kakanninmu suke?

Da muka tashi tattara tarihin ƙungiyarmu don bikin bana, mun gane sai an san hurumin kowane notar kafin a nufi gidan adana takardu. A zamanin Faransa, galibi magatakardan kotu ne ke aikin notar, shi ke buga hatimi a takardun gida da bashi da gado. Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, sannan Yamai. Takardun gwamna janar kuwa suna Dakar. A gefen Ingilishi, rigimar fatake gaban alƙali take zuwa, takardun lardunan Kano da Katsina suna Kaduna. Rashin takarda ya sha raba magada da shago. Mai tsohuwar takarda ya duba hatimi da shekara, ya kawo mana kwafi.