Kaduna ta Arewa da Ƙauyen Sana'o'in Gargajiya

Kaduna gari ne da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1913, zamanin Gwamna Lugga, kusa da inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙetare Kogin Kaduna. A 1917 aka ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan, ta kuma zauna har zuwa 1967 da aka raba Jihar Arewa. A arewacin kogin aka gina ofisoshin gwamnati da barikin soja da majalisar Lugard Hall. A nan ne kuma gidan Sardauna Ahmadu Bello yake, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a 1970.

Wannan asali ya sa Kaduna ba ta da ganuwa ko tsohon birni irin na Kano da Zariya da Katsina. Ma'aikata da 'yan kasuwa da sojoji ne suka taru daga ko'ina suka raya ta, yawancin gine-ginenta kuwa na bulo ne da kwano. Wanda ke son ganin ginin iyaye da kakanni a cikin garin, sai ya nufi Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, a Unguwar Sarki.

An buɗe gidan a 1975, a tsohon ginin jam'iyyar NPC. A ciki akwai kayan tarihi, har da gumakan yumɓu na Nok da kayan tagulla na Benin. A harabarsa kuma aka kafa ƙauyen sana'o'i da ɗakunan ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa. A wannan tsari, magina kan kwaɓa ƙasa da ciyawa su murza tubali, su jera azara a yi rufi, su kafa indararo don zubar ruwan sama, sannan su shafe bango da makuba. Kaurin bangon ke riƙe sanyi lokacin bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu.

Masu sana'a na aiki a gaban baƙi: dukawa, masaƙa, maƙera da masassaƙa. Ɗalibai kan ga yadda fata ke zama jaka, zare ke zama zane, baƙo kuma ya sayi abin da ya ga an yi a gabansa.

Irin wannan wuri ba a Kaduna kaɗai yake ba. A Jos an kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya. Gidan tarihin Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yana da gidajen ƙabilun Nijar da rumfunan masu sana'a. A Basalona ta Sifen ma an gina ƙauyen Poble Espanyol a 1929, mai gine-gine 117.

Ginin ƙasa dai sai da yaɓe bayan kowace damina, sana'ar hannu kuma sai da masu saye da yara masu koyo. A kan waɗannan ne ɗorewar ƙauyen na Kaduna ta rataya.