Dajin mafitsara da na prostat: bayani ga mazauna Duwala

Ciwon daji yana iya kama ƙoda, mafitsara, prostat, maraina da mazakuta. A Kamaru, dajin prostat ne ya fi kama maza. Prostat wata tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara, wadda ta zagaye hanyar fitsari, amma a bakin jama'a ana haɗa ta da mafitsara a kira su da suna ɗaya, alhali cututtukansu daban ne.

Dajin prostat ya fi samun waɗanda suka haura shekara 50. Da farko ba ya nuna alama. Daga baya fitsari ya riƙa fita da ƙyar, mutum ya yi ta tashi da dare, wani lokacin har da ciwon ƙugu idan ya kai ƙashi. Kumburin prostat na tsufa ma yana kawo wahalar fitsari, don haka sai an yi gwajin jini na PSA, likita ya duba, an ɗebi tsoka an auna, kafin a tabbatar.

Dajin mafitsara kuwa babbar alamarsa fitsarin jini ne, sau da yawa ba tare da zafi ba. A nan ake yawan kuskure. Da yawa daga cikin Hausawan New Bell sun taso ne a arewa, inda tsargiya ta zama ruwan dare a yankunan madatsar Lagdo da tafkin Maga, har ana ɗaukar jinin yaro a fitsari ba komai ba. To, ƙwayayen tsutsar tsargiya suna maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru, kuma hakan na iya rikiɗewa ya zama daji. Shan taba shi ne ɗaya babban dalilin. Magidancin da ya ga jini bai kamata ya tsaya ga maganin sanyi na kasuwa ba.

Dajin maraina na samari ne, yana farawa da ƙullutu marar zafi, kuma galibi yana warkewa. Na mazakuta ba kasafai yake kama wanda aka yi wa kaciya da ƙuruciya ba.

Magani ya danganta da matakin cutar: tiyata, gashi da na'ura, allurar kashe ƙwayoyin daji, ko rage sinadarin maza ga mai dajin prostat. Akwai likitocin fitsari a Asibitin Laquintinie da Babban Asibitin Duwala, inda kuma ake yin gashin.