Ƙofar Da Ba A Fasa Ba: Tarihin Yadda Manhaja Ke Magana Da Rumbun Bayanai A Cikin Gida

A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Tambuwal na cikinsu. Wanda ya zauna a yankin a lokacin ya san yadda abin ya kasance: ba kira, ba tura kuɗi, ba WhatsApp. Amma sunayen da ke ajiye a waya ba su ɓace ba, kuma kwamfutar da ke riƙe da lissafin kanti a cikinta ta ci gaba da aiki. Abin da ke cikin na'ura ba ya buƙatar fita waje kafin a iso gare shi.

To bari mu ɗauki misali. A ce wani kantin magani ne ko ƙaramin asibiti a Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe, yana da kwamfuta guda ɗaya tal. A cikinta akwai manhajar da ma'aikaci ke shigar da sunaye, akwai kuma rumbun bayanai inda ake adana su. Shi rumbun, irin su MySQL ko PostgreSQL, manhaja ce mai zaman kanta da ake kira sabar, aikinta ta zauna tana jiran a tambaye ta. Ta wace hanya waɗannan biyun za su yi magana? Amsar tana da tarihin sama da shekara 50.

Daga bututu zuwa soket

A shekarar 1964, Doug McIlroy na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya kawo shawarar a riƙa jona manhajoji kamar yadda ake jona tiyon ban-ruwa. Sai a 1973 Ken Thompson ya saka wannan dabara a tsarin Unix, aka kira ta bututu. Bututun yana da iyaka: bayani gefe ɗaya yake bi, kuma sai tsakanin manhajojin da suka fito daga uwa ɗaya.

Sabar kuwa tana buƙatar wurin da kowace manhaja za ta zo ta yi sallama, a amsa mata. Maganin ya fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda su Bill Joy da Sam Leffler ke aiki kan wani reshen Unix. A 1983, shekarar da ARPANET, kakar intanet, ta koma amfani da ƙa'idar TCP/IP, suka fitar da 4.2BSD ɗauke da abin da suka kira soket. Iri biyu ne suka shafe mu. Na farko na netwok ne, mai adireshi da lambar ƙofa. Na biyu na cikin gida ne, wanda ake kira soket ɗin Unix: adireshinsa sunan fayil ne kawai a cikin kwamfutar, kuma bayanin da ya bi ta cikinsa ba ya taɓa zuwa kusa da waya ko Wi-Fi.

Ka ɗauka gida ne. Soket ɗin netwok ƙofar zaure ce da ke kallon titi, kowa na iya tsayawa ya ƙwanƙwasa. Na Unix kuma ƙofar da ke tsakanin ɗaki da tsakar gida ce, sai wanda ya riga ya shigo.

Yadda rumbunan bayanai suka gaje shi

A Berkeley ɗin dai Michael Stonebraker ya fara aikin Postgres a 1986, wanda ya koma PostgreSQL a 1996. Kafin fitowa ta 8.0 a watan Janairun 2005, idan ka girka shi ba ya sauraron netwok ko kaɗan sai ka ba shi umarni. Har yau, idan aka bar saitin listen_addresses babu komai, sabar ba ta buɗe ƙofar netwok, sai fayil ɗin soket kaɗai.

MySQL, wanda ya fito a 1995, yana da irin wannan saiti mai suna skip-networking. Yana kuma da wata ɗabi'a da ta daɗe tana rikita masu koyo: a Linux, idan ka ce wa manhajarsa ta haɗa ka da localhost, ta fayil ɗin soket take bi, idan kuma ka rubuta 127.0.0.1 sai ta bi ta TCP. Dukkansu ba sa barin kwamfutar, kuma dukkansu suna aiki ko babu sabis. Bambancin shi ne na biyun yana buƙatar ƙofar netwok, kuma kuskuren layi ɗaya a saiti ya isa ya juya ta ta kalli titi.

Akwai wata riba. Tunda a gida ake, tsarin kwamfutar ya san wane ma'aikaci ne ke sallama. PostgreSQL na iya tambayar tsarin kai tsaye, ya bar mutum ya shiga da sunan da ya buɗe kwamfutar da shi, ba sai an ajiye kalmar sirri a wani fayil ba.

Ranar da duniya ta ji a jikinta

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Ranar 25 ga Janairun 2003, wata ƙwayar cuta ta kwamfuta mai suna Slammer, girmanta bayit 376 kacal, ta fara bin ƙofa mai lamba 1434 ta Microsoft SQL Server. Cikin kamar minti 10 ta harbi mafi yawan na'urori kusan 75,000 da ta kama. Intanet ta durƙushe a Koriya ta Kudu, dubban injinan cire kuɗi na Bank of America suka tsaya. Microsoft ya fitar da gyara wata shida kafin nan, ba a saka ba. Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba su ma san akwai rumbun bayanai a kwamfutarsu ba. Wata manhajar ce ta zo da shi, ya zauna yana sauraron duniya alhali aikinsa na cikin gida ne.

A Janairun 2017 aka sake kwatawa: ɓarayin intanet suka share dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, suna neman kuɗin fansa da Bitcoin. A ƙarshen shekarar, fitowa ta 3.6 ta zo da sabon tsari, ba ta sauraron kowa sai kwamfutar da take ciki. Shi ma Windows 10 ya karɓi soket ɗin Unix a 2018, shekara 35 bayan Berkeley.

Mu dawo Fakku

Kwamfutar asibitin nan ba kullum take a keɓe ba. Ranar da sabis ya yi kyau za a jona ta da waya don tura rahoto, wata rana a kai ta Sakkwato gyara, ta hau Wi-Fi ɗin da mutane da yawa ke kai. Idan rumbun na sauraron kowace hanya, duk wanda ke kan wannan layin zai iya gwada sa'arsa. Abin da ke ciki kuwa sunayen mutane ne da cutar da ke damunsu, a garin da kowa ya san kowa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Rufe ƙofar netwok ba ya hana a sace kwamfutar, ba ya korar cutar da ta riga ta shiga ta filas, ba ya kuma maye gurbin ajiye kwafi a wani wuri. Wasu manhajojin ma ba su iya bin fayil ɗin soket ba, to nan sai a tsayar da sabar kan 127.0.0.1 kawai. Idan kuma kwamfuta biyu ne ke buƙatar rumbu ɗaya, dole a buɗe, amma ga su kaɗai.

Saboda haka duk ranar da wani ya zo girka maka manhajar lissafi ko ta rajista, yi masa tambaya ɗaya: rumbun nan, su wa yake saurare? Idan kwamfuta ɗaya ce ke amfani da shi, ka ce ya rufe ƙofar titi.